Kwana Biyar a Damagaram: Yadda Ake Zaga Birni, Zango da Kewayen Gari

Wanda ya nufi Damagaram don buɗe ido, ya daure ya sauka ran Laraba da yamma. Alhamis ce babbar ranar kasuwar gari, Juma'a ta fada ce da masallaci, Lahadi kuma kasuwar Miriya ke ci. Asabar ɗin da ke tsakani ta ishi mutum ya zaga Zango da rumfunan masu sana'a. Wanda ya zo Litinin ya juya Laraba zai ga gine-gine, amma zai koma bai ga garin yana motsi ba. A kan waɗannan ranaku muka ɗora wannan jagora. A takarda da allon hanya za ka ga an rubuta Zinder, a tasha kuwa Damagaram za ka ji kamasho na kira, kuma sunan da mutanen garin suka fi so ke nan.

Lokacin zuwa da hanyar da za ka bi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yawo ke da daɗi. Rana ba ta cizo sosai, dare kuma da sanyi har sai ka nemi bargo. Aibin lokacin shi ne hazo da ƙurar hunturu, masu busar da leɓe da hanci, su kuma dusar da hoto. Ka taho da rawani ko mayafin rufe hanci da man shafawa. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwa ya yi wuya a unguwanni, wuta ta riƙa ɗaukewa. Ba mu ba kowa shawarar yawon ƙafa a waɗannan watanni ba, balle mai tafe da yara ko tsofaffi. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, duwatsu kan yi kore, gari ya yi kyau, sai dai sauro ya yi yawa, lungunan Birni kuma su riƙe ruwa. Gidan sauro dole ne a lokacin. Mai zuwa da rani ya yi allurar sanƙarau tun yana gida, aƙalla kwana 10 kafin ya taso.

Daga Yamai tafiyar ta kusa kilomita 900 a kan babbar hanyar da ta ratsa Doso, Ƙonni da Maraɗi. Manyan motocin kamfani, waɗanda a nan ake kira kar, suna tashi tun kafin asuba su isa da dare. Ka yanki tikiti tun ana gobe tafiya, ka kai kayanka a auna da yamma, don ranar tafiya ba a jiran kowa. Daga Maraɗi kimanin kilomita 235 ne. Daga Kano kimanin 240 ne, kuma hanya biyu ce: ta Daura da Kongolam, ka shigo Ɗan Barto, ka bi Matamaye da Takieta, ko ta Ɓaɓura da Babban Mutum, ka shigo Tinkim, ka bi Magarya. Mai tsallaka iyaka ya riƙe fasfo ko takardar tafiya mai aiki, da katin allurar shawara, ya kuma tambayi direbobin tasha abin da ake nema a makon, domin dokokin shiga sun sha canzawa tun bayan da Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Janairun 2025. Ka ƙetare iyaka da hantsi. Wanda ya isa dab da magariba yakan kwana a bakin shinge.

Mai zuwa da motar kansa ya tsaya wurin duwan, wato kwastan, a yi masa takardar shigar mota, kada ya ce zai lallaɓa ya wuce. Akwai shingen jandarma da na 'yan sanda kafin shiga gari, a nan ake tambayarta, kuma rashinta kan jawo a ajiye mota.

Fasalin garin, masauki da kuɗi

In ka riƙe abu uku a ka, ba za ka ɓata ba. Birni na kudu, shi ne tsohon gari mai ganuwa inda fada da babban masallaci suke. Zango na arewa, unguwar da ta tashi daga masaukin ayarin fatake. Tsakaninsu Sabon Gari, inda kasuwa, bankuna, ofisoshi da yawancin masaukai suke. Ka sauka a tsakiyar nan, sai ya zama ko'ina ka nufa 'yan mintoci ne a kabu-kabu ko adaidaita.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki, shiga makewayi ka murɗa famfo. Garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta kai wa ga ruwa da sauƙi, shi ya sa daga nesa ake turo shi, daga wurare irin su Gogo, Macaya da Arunguza. Ƙarancin ruwan nan na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedikwatar ƙasa daga nan suka mai da ita Yamai a 1926, bayan ta zauna a Damagaram tun 1911. Saboda haka tambaya biyu za ka yi wa mai masauki: akwai tanki, akwai kuma injin wuta? In famfo na zuwa da dare kaɗai, ka sa a cika maka bokiti biyu kafin ka kwanta. In gidan 'yan'uwa ka sauka, ka san cewa ruwan wankanka mai yiwuwa daga hannun 'yan ga-ruwa aka saye shi. Ka yi tsimi, ka kuma sa hannu a aljihu ba sai an nema ba.

Lissafin kuɗi shi ne inda baƙo ya fi shan kunya. Sefa ake kashewa, amma da dala ake ƙirga ta, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala hamsin 250, dala ɗari 500, jikka guda 1,000. Matsalar ita ce 'yan kasuwa sukan yar da kalmar dala. In mai kabu-kabu ya ce maka "sittin", sefa 300 yake nufi. In mai takalmi ya ce "ɗari uku", 1,500 ke nan. Duk abin da aka faɗa, ka ruɓanya shi sau 5, in ya kai jikka ka san dubu ake magana. Ka yi jinga kafin ka hau babur, ka maimaita kuɗin da bakinka. Ka kuma fasa takardar 10,000 da ta 5,000 a gidan mai ko babban kanti, don mai ƙosai da mai babur ba su da canjinsu. Mai naira ya canza kaɗan a iyaka don kuɗin mota, sauran ya bari sai cikin gari, ya tambayi 'yan canji biyu ko uku kafin ya miƙa.

Alhamis: kasuwa

Fara da kasuwar dabbobi, ka isa wajen ƙarfe 8 zuwa 9, lokacin da garkuna ke shigowa kuma rana ba ta ɗaga ba. A nan za ka ga abin da ya sa garin ya zauna inda yake: Buzaye da Tubawa da raƙumansu daga arewa, Fulani da jajayen shanu masu dogon ƙaho, Barebari daga gabas, dillalai na sa hannu cikin hannun riga suna ƙulla ciniki. Dubi yadda mai saye ke buɗe bakin rago ya ƙirga haƙora, ya matsa gadon baya ya ji kitse, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Kada ka tsaya bayan doki ko jaki, kada ka matsa kusa da raƙumin da ke kumfar baki. Sannan kada ka taya dabba don jin kuɗi kawai. In ka taya aka ce an sallama, ciniki ya faɗa, janyewa kuma abin kunya ne da kan jawo hayaniya. In farashi kake son sani, tambayi dillali a gefe, ka gaya masa gani ka zo yi.

Daga nan sai Kasuwar Dole. Ka nemi layin kayan arewa tukuna: kantun gishirin Bilma, kanwa, dabino, cuku. Waɗannan su ne ragowar cinikin da ya gina Zango. Dabino ka ɓare ɗaya ka duba ciki, in ka ga gari-gari kamar dusa to ƙwaro ya shiga buhun. Sai layin dukawa, domin aikin fata na cikin abin da aka san garin da shi: alabe, jaka, takalma, kube, matashin fata, da kayan doki irin su linzami da adon sirdi. Gwajin fata uku ne. Shinshina, fatar da ta jemu da bagaruwa yadda ya kamata ba ta ɗoyi, wadda aka yi wa gaggawa kuwa za ta ƙara wari in ta sha damina. Jiƙa yatsa ka goga a kan jan, in ya zuba sosai zai ɓata maka farar riga. Sannan buɗe ɗinkin ka gani, da tsinken fata ko zare aka ɗinke, ko gam aka shafa aka manne. Na gam da zafin mota kaɗai yakan saki.

Ciniki a nan da fara'a ake yin sa. Gaisuwa tukuna, sannan tambaya. In ka taya aka ce "albarka", ka ƙara kaɗan ko ka yi godiya ka wuce. Wayarka da kuɗinka su zauna a aljihun gaba, kamar a kowace kasuwa mai cunkoso. Ƙarfe 12 ka koma masauki, kada ka sake fita sai bayan la'asar. Ka sha ruwa lita 3 zuwa 4 a yini ko da sanyi ake, don busasshiyar iska na zuƙe jiki ba tare da ka ga gumi ba. In ciwon kai da jiri suka kama ka, ka sami inuwa, ka haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa kurɓa. In bai sake ka ba, a kai ka likita.

Da la'asar sakaliya ka tafi ƙofar fada don neman iso. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke gyara sauran kwanakin.

Fada: yadda ake shiga, da abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga

Fadar Sarkin Damagaram gida ce da ake zaune a ciki, ana shari'ar sulhu, ana karɓar hakimai da masu unguwanni. Ba a kutsa kai. Za ka tarar da dogarai a ƙofa da rigunansu masu ja. Yi sallama, gaishe su ɗaya bayan ɗaya, faɗi sunanka da garin da ka fito da abin da ya kawo ka, ka roƙi a sa maka lokacin da za a zaga da kai, a kuma haɗa ka da wanda zai kai ka cikin Birni. Da ɗan gari akan ci gari. Jagoran da fada ta ba ka an san shi a kowane lungu, ƙofar da za a rufe wa baƙo shi kaɗai za a buɗe masa. Ku daidaita abin da za ka ba shi tun kafin ku ɗaga ƙafa, ka kuma ware ɗan goron dogarai daban. Yaran da za su biyo ka suna cewa za su nuna maka gari, ka sallame su da kyakkyawar magana, domin tarihin da za su ba ka rabinsa ƙage ne.

Sutura ta zama ta mutunci: namiji doguwar riga da hula, mace zane ko doguwar riga da mayafi wadatacce. Takalmi ana cire shi inda aka nuna maka. In an yi sa'a aka kai ka gaban Sarki, ka durƙusa daga nesa, ka yi jinjina, ka ce "Ran Sarki ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin Sarki", fadawa ne za su amsa maka. Ba a miƙa hannu sai in shi ya miƙo. Hoto kuma sai an ce ka ɗauka, kuma izinin tsakar fada bai haɗa da ɓangaren iyali ba.

Zagayen zai fi yi maka ma'ana in ka riƙe 'yan sunaye. Gidan sarautar daga Barno ya samo asali, a ƙarni na 18, shi ya sa za ka ji sarautu da kalmomi na Barebari a fadar da ake magana da Hausa. A farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman, aka mai da gadon mulki nan. Ɗansa Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya ɗaukaka daular: ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin garin, fatake kuma suka riƙa kai fata da gashin jimina har Tarabulus. Cinikin nan ya haɗa da bayi, wannan ma tarihin garin ne, bai kamata mai ziyara ya kau da kai daga gare shi ba. A 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a nan. A ƙarshen Yulin 1899 sojan Faransa suka gwabza da rundunar Sarki a Tirmini, suka ci gari. Tirmini na kan hanyar Takieta, wanda ya zo daga Yamai ko Matamaye ta cikinta ya wuce. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo daidai ba sai 1923. Ka tambayi jagoranka waɗannan wurare da mutane da sunansu, za ka ga bakinsa ya buɗe.

Juma'a: lungunan Birni

Ka shiga da ƙarfe 7, a ƙafa. Mota ba ta da amfani a nan, lungunan sun yi mata ƙunci, babur kuma zai wuce da kai abin da ka zo gani. Hasken safe na faɗowa a karkace, shi ke fito da zanen da ke jikin bango. Da rana ta take, zanen sai ya baje kamar babu. Tun 2006 Birni da fadar ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman shiga kayan tarihin duniya, kuma fuskokin gidajen nan ne babban dalili.

Tsaya gaban zaure guda ka ƙare masa kallo maimakon ka bi ashirin a guje. Daga sama za ka ga zankwaye a kusurwoyi kamar kunnen zomo. Ƙasa da su indararo, mai tsawo don ya jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Kewayen ƙofa kuma zane ne da magini ya yi da yatsa da wuƙa tun yaɓe na ɗanye: dagi, takobi, da'ira cikin da'ira, wani an bi shi da shuɗi da ja da rawaya, wani an bar shi da launin ƙasa. Bangon da tubali aka ɗora shi, mai kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa. In mai gida ya yarda ka shiga zauren, ɗaga kai. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci, an jera ta gajeru-gajeru saboda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta yi faɗi. Don a sami ɗaki mai faɗi ne magina suka ƙirƙiro bakan gizo, su ɗaure azara hawa-hawa daga bango biyu har ta haɗu a sama, su lulluɓe da laka. Ka lura da sanyin da ke ciki ko da rana. Kaurin bangon ne ke riƙe zafi, sai dare ya sake shi.

Za ka ga gidaje da yawa sun zube ko sun tsage, abin kuma da ciwo. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, da makuba ta ɓawon ɗorawa mai hana ruwa shiga. In magada suka watse, ko indararo ya toshe shekara ɗaya, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Wasu sun shafe bangon da siminti don su huta, amma siminti ba ya barin laka ta yi numfashi, danshi ya taru a baya, wata rana ya ɓanɓaro da fuskar bangon gaba ɗaya. In ka ga gidan da aka kula da shi, ka yaba wa mai shi a gabansa. In an bar ka ka ɗauki hoto, ɗan abin da ka ba shi na iya zama kuɗin jakin ƙasa.

Namiji baƙo iyakarsa zaure. Mace na iya yin sallama ta shiga wurin matan gida, ita ce ma za ta ga jeren ɗaki da adon cikinsa. Ba a ɗaukar mata hoto a hanya, ko almajirai a kan karatu, sai da yardar su ko ta malaminsu.

Ka sa jagora ya kai ka wurare uku. Na farko ragowar ganuwar Tanimu, wadda yanzu guntaye ne tsakanin gidaje, sai an nuna maka za ka gane ta. Kada ka hau, tana marmashewa. Na biyu gidan da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka daga ƙarshen Disambar 1852 zuwa ƙarshen Janairun 1853. Na uku manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, inda za ka ga bango ya taho ya haɗe da dutse kamar tare aka halicce su.

Wajen ƙarfe 10 ka huta, ka yi wanka, ka dawo filin fada kafin azahar da dardumarka. Fitowar Sarki zuwa masallaci, da dogarai da 'yan kakaki da algaita, ita ce abin kallon mako. Ka sami gefe ka tsaya, kada ka ratsa tsakanin dogarai, kada ka ɗaga waya a fuskar masu salla. Wanda ba Musulmi ba ya tsaya daga bakin fili, babu mai hana shi kallo.

Asabar: Zango, barikin kan dutse da abin kai wa gida

Da safe, in fada ta sa maka lokaci, ka fara da can. Sannan ka wuce Zango. Titunanta sun fi na Birni faɗi da miƙewa, gidajen attajiran dā kuma na nan da zanensu, wasu ma sun fi na Birni ƙawa, don masu kuɗin fatauci ne suka gina su. Tambayi gidan Malam Yaro, babban attajirin ƙarshen ƙarni na 19 wanda harkarsa ta kai har Tarabulus. Akwai gidan tarihi na jiha a cikin gari, ziyarar awa guda ce, ka tambayi lokacin buɗewa tun ana gobe. Mai ƙarfin hanci ya nemi a kai shi majema ya ga yadda ake jiƙa fata, a tuje gashi, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a rina ja da karan dafi. Da sassafe ake zuwa, kafin rana ta tayar da wari.

A kan dutsen da ke kallon gari za ka hango barikin da Faransawa suka gina suka sa masa sunan Kazamaju, daga baya aka mai da shi sunan Tanimu. Har yau na soja ne. Kallo daga nesa ya isa, kada ka nuna shi da kyamara. Haka filin jirgi, shingen jami'an tsaro, da matatar mai ta SORAZ da ke kimanin kilomita 50 a hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011. Hoto ɗaya a irin waɗannan wurare na iya sa a karɓe waya, ka yini kana bayani. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa ka bar shi a gida. In kana son ganin gari daga sama, jagora ya san duwatsun da ake hawa ba tare da matsala ba. Ka hau bayan la'asar da takalmi mai kama ƙasa, kada ka cusa hannu a kogo saboda kunama da maciji, ka sauko kafin duhu.

Tsaraba ta gari ita ce alkaki. Mata ne ke yin sa a gida, da alkama da aka tsimar, a soya, a tsoma a zuma ko ruwan sukari. Ka sa a yi maka sabo, ka ba da saƙo tun Alhamis. Mai kyau yana da ƙaras a baki, ba ya warin tsohon mai. Ka zuba a mazubi mai murfi, don a leda farfashewa yake, kiyashi kuma ya same shi. Da dare ka nemi balangu ko tsire mai zafi daga kan wuta, da rana fura da nono, in kuma an gayyace ka gida aka kawo burabusko da miya, ka ci, abincin da ya nuna dangantakar garin da Barno ke nan.

Lahadi: Miriya, da wanda ke da sauran kwana

Miriya na kilomita 18 a kan hanyar Diffa. Ƙananan motoci na zirga-zirga ranar kasuwa, ka fita da ƙarfe 8. Garin kukoki ne da lambuna, kuma tukwanensa sun yi suna: tulu, randa, kasko, kaskon turare, da jan yumɓu mai zanen fari da baƙi. Ka ɗaga tulu da hannu ɗaya ka ƙwanƙwasa da yatsa. In ya yi ƙara garau, ya gasu, babu tsaga. In ya yi dum, ajiye shi, ko da idonka bai ga komai ba. Ka leƙa ciki ta wajen haske, ka kuma girka shi a ƙasa ka ga ko yana zama daidai. Sabon tulu sai an cika shi da ruwa an zubar sau biyu ko uku kafin warin ƙasa ya fita; ɗan tsattsafowar da yake yi ta jiki ita ce ke sanyaya ruwan, ba aibi ba ce. In ka nemi unguwar masu ginin tukwane da ladabi, za su bar ka ka ga yadda ake dafe yumɓu a kan kifaffiyar tukunya.

Mai mota da sauran lokaci na iya zarcewa Gidimuni, kimanin kilomita 70 daga Damagaram a kan hanyar nan, inda tafki yake da dabino da rake da lambuna, tsuntsayen ruwa kuma kan taru da sanyi. Ka cika esansi, wato man fetur, daga gari, ka ɗauki ruwan sha, kada ka shiga tafkin wanka saboda tsargiya, ka juyo ta yadda magariba za ta same ka a gida. Dajin Termit da hamadar da ke bayansa wata tafiya ce daban, mai neman izinin hukuma, rakiya da mota fiye da ɗaya. Ko zuwa ƙauyukan kusa ma, ka tambayi mai masaukinka halin da hanya ke ciki a ranar.

Wanda zuwansa ya dace da Salla ya kama ɗaki da wuri. Ban da hawan dawaki, akwai hawan ƙaho, inda mahauta ke tarar bijimi ɗaure da igiya su rungumi ƙahonsa. Ka tsaya wuri mai tudu da hanyar fita a bayanka, yara kuma a riƙe hannunsu, don in sa ya fizge igiya taron gaba ɗaya ke watsewa. Akwai kuma wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon shugabanni da kayan da suka ƙera da karan hatsi, da kokawa a filin Langa-Langa in lokacinta ya zo. Ranakun waɗannan a rediyon gari ake sanar da su.

Ran Litinin motocin Yamai da asuba suke tashi, don haka daren Lahadi za ka ɗaure kaya. Tulun Miriya ka cusa masa tsumma a ciki, ka naɗe shi da tabarma ko ciyawa a cikin kwali, baki sama, ka gaya wa yaran mota abin da ke ciki kafin su ɗora buhu a kai. In ƙarami ne, ka riƙe shi a cinya. Kayan fata kuma kada su kwana a leda, ka naɗe su a zane. Ka biya jagoranka tun da yamma, ka kuma bi ta ƙofar fada ka yi wa dogarai sallama.